Kama da Wane ba Wane ba ne: Shaidar Haruffa a Kan Aboki

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a wayoyinmu. Wasunmu sun same shi ta WhatsApp, wasu sun gan shi a Facebook an rubuta da fararen haruffa a kan baƙin bango, ga hoton wani ya haɗa kai da gwiwa. Da Turanci ake rubuta shi, amma ga abin da yake cewa. Dubi kalmar "believe", wato yarda, akwai "lie" a tsakiyarta, wato ƙarya. Dubi "friend", aboki, da "end" ta ƙare, wato ƙarshe. Dubi "lover", masoyi, "over" ce a wutsiyarta, wato an gama. Daga nan sai a rufe da "family", iyali, a ce haruffanta shida kowanne farkon kalma ne a cikin jimlar Turanci mai nufin baba da mama ina ƙaunarku. Darasin a fili yake: kada ka yarda da kowa, abota ƙarewa take yi, soyayya ma haka, naka sai naka.

In mun lura, ba a cika tura wannan saƙo ranar farin ciki ba. Sai ranar da yarinya ta saɓa da ƙawarta, ko ranar da aka juya wa saurayi baya, ko ranar da abokin ciniki ya cinye wa mutum jari. Rai a ɓace, sai ga haruffa sun zo kamar shaidu suna cewa ai dama haka abin yake tun asali, har a cikin kalmar an rubuta. Masu sharhi kuma su yi ta gyaɗa kai, wasu har su ce lallai Turawa sun san abin da suka ɓoye a cikin harshensu.

Tambaya biyu muke so mu yi wa wannan saƙo. Ta farko, idan kalmomi biyu sun yi tarayya a wasu haruffa, wannan tarayya tana ba da shaida a kan ma'anarsu? Ta biyu, wadda ta fi nauyi, idan nasiha ta yi mana daɗi kuma muna ganin tana da amfani, akwai laifi don hujjar da aka jingina ta da ita ba gaskiya ba ce?

Mu fara da bin sawun kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya.

Turancin da ake yi a Ingila shekara 1,000 da suka wuce, wanda masana ke kira Tsohon Turanci, yana da kalmar "freond". Ita ce kakar "friend". An gina ta daga aikatau "freogan", wanda ke nufin a so ko a ƙaunata. Haruffan "nd" da ke ƙarshenta ɗafa-ƙeya ne da ake liƙa wa aikatau don a nuna wanda ke cikin yin aikin, kamar yadda mu muke sa "mai" a gaba mu ce mai tafiya, mai nema, mai so. Ke nan asalin "friend" shi ne mai so, wanda ke kan so bai daina ba. Wurin da saƙon ya nuna mana ya ce ga ƙarshe nan, shi ne ainihin wurin da ke nuna aikin yana gudana. Da irin wannan gini aka yi "fiend", wadda yau ke nufin shaiɗani ko mugu. Tsohuwar siffarta "feond" ce, wato mai ƙi. Har yau Jamusanci na riƙe da su biyun, "Freund" aboki, "Feind" maƙiyi. Kalmar "free" ma, mai nufin ɗa wanda ba bawa ba, daga gidan "friend" ta fito. Ita kuwa "end" mai nufin ƙarshe daga "ende" ta zo, babu abin da ya haɗa su.

"Believe" ma haka labarinta yake. A Tsohon Turanci "belyfan" ko "gelyfan" ake cewa, kuma saiwarta ɗaya da "love", so, da wata tsohuwar kalma "lief" mai nufin abin ƙauna. Ka yarda da abu, a wancan tunani, shi ne ka riƙe shi da daraja a zuciya. Har zuwa ƙarni na 17 mutane da yawa "beleeve" suke rubutawa, da "ee" a tsakiya. Wanda ya rayu a lokacin ko ya kwana yana dubawa ba zai ga "lie" a cikinta ba, don babu ita. Sauyin ƙa'idar rubutu ne ya jera haruffan nan uku kusa da juna. "Lover" kuwa ba ta ma buƙatar dogon bincike: "love" ce aka ƙara mata "r" don a nuna mai yi.

Saura "family", wadda saƙon ya ɗaga sama da sauran. Daga Latin ta zo, "familia", ita kuma daga "famulus", wato bara ko bawan gida. A wurin Romawa "familia" ta haɗa duk wanda ke ƙarƙashin ikon maigida, har da bayinsa. Romawan nan ba su jin Turanci balle su tsara kalma daga farkon haruffan jimlar Turanci, kuma ga ta nan a Faransanci "famille", a Italiyanci "famiglia", inda waccan jimla ba ta aiki. Irin wannan ƙage ne ake yi wa "news", labarai, a ce an haɗa ta daga farkon sunayen arewa da gabas da yamma da kudu, alhali jam'in "new" ce kawai, wato sabbin abubuwa.

To ga abin da ya fito. Kalmomin da saƙon ya tuhuma da ƙarya da yankewa, tushensu so ne. Wadda ya wanke ya ce ƙauna ce zalla, tushenta bauta ne. Shaidun da aka kira duk sun faɗi kishiyar abin da ya faru.

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aflatun na ƙasar Girka ya rubuta wata muhawara mai suna Kiratilus. A ciki mutum biyu ne ke jayayya. Kiratilus na ganin kowane abu yana da sunan da ya dace da shi a halitta, kuma wanda ya san suna ya san abin. Hamojenis na ganin suna yarjejeniya ce kawai tsakanin mutane, in an sauya shi babu abin da zai lalace. Sokratis ya shiga tsakani, ya daɗe yana fasa kalmomin Girkanci yana nuna abin da ke cikinsu, har ya ce sautin "r" ya dace da motsi, "l" kuma ya dace da santsi da laushi. Sai kuma ya juyo ya nuna wa Kiratilus cewa kalmar da ke nufin tauri a harshensu tana ɗauke da wannan "l" ɗin na laushi, amma kowa na gane ta saboda sabo. A ƙarshe ya karkata ga cewa gara a nemi sanin abubuwa daga su kansu da a neme shi daga sunayensu. A zamanin kusa, Ferdinand de Saussure, malamin harshe a Janeba, wanda ɗalibansa suka buga darussansa a 1916 bayan rasuwarsa, ya kafa ilimin harshe na zamani a kan cewa babu wata igiya ta dole tsakanin sautin kalma da ma'anarta.

Sai dai in muka tsaya nan mun yi gaggawa, domin ba kowace kama ce banza ba. In muka duba Turanci da kyau za mu ga kama iri uku, kamar dai yadda take a tsakanin mutane. Akwai kamar jini, akwai kamar zama tare, akwai kamar arashi.

Kamar jini ita ce ta kalmomin da suka fito daga tsatso ɗaya. Duk ɗan makaranta ya taɓa mamakin me "w" ke yi a cikin "two", biyu, tunda ba a furta ta. Amsar na wurin danginta: "twin" tagwai, "twice" sau biyu, "twelve" sha biyu, "twenty" ashirin, "between" tsakanin abu biyu. Duk "tw" ɗin nan gado ne daga kaka ɗaya, kuma ma'anar biyu na gudana a cikinsu. Haka "heal" warkarwa, "health" lafiya, "whole" cikakke, da "holy" mai tsarki, duk suna komawa ga tsohuwar kalma "hal", wadda ke nufin abin da bai fashe ba, bai ragu ba. Amma "hole", rami, wadda furucinta ɗaya da "whole", ba 'yar gidan ba ce.

Akwai wani gida da ya fi waɗannan ban sha'awa. "Host" mai masauki, "hospital" wadda muka ara muka ce asibiti, "hotel" wadda muka mayar otal, "hostel" ɗakin kwanan ɗalibai, da "hostile" mai gaba, har da "guest" baƙo, masana sun mayar da su ga tsohuwar saiwa ɗaya mai nufin baƙo. A Latin "hostis" da farko baƙo take nufi, daga baya ta koma abokin gaba, "hospes" kuma ta zama mai saukar baƙo da wanda aka saukar. Mutum ɗaya ne ya tsaya a ƙofar gari, ba a san shi ba. Wani reshen kalmar ya shimfiɗa masa tabarma, wani reshen ya ɗauko masa mashi. A nan haruffan da suka yi tarayya suna da abin faɗa da gaske, domin tarihi na bayansu.

Kamar zama tare ta fi wuyar kamawa. Jera waɗannan: "glow", "gleam", "glitter", "glisten", "glimmer", "glare", "glint". Duk da "gl" suka fara, duk kuma haske ko ƙyalli suke nufi. Jera "sniff", "snore", "snort", "snout", "sneeze": shaƙa, minshari, huci, hancin dabba, atishawa, duk harkar hanci. Jera "slip", "slide", "slime", "slick": duk santsi. John Wallis, masanin lissafi na Oxford, ya lura da irin waɗannan rukunai a littafin nahawun Turanci da ya wallafa a 1653, kuma a 1930 masanin harshe J. R. Firth ya ba su suna na musamman. A 2004 Benjamin Bergen ya wallafa gwajin da ya nuna cewa masu jin Turanci sun fi saurin gane kalmar irin wannan rukuni idan 'yar rukuninta ta riga ta wucewa ta gaban idonsu. Ke nan abin yana zaune a ƙwaƙwalwar masu harshen. Mu ma kunnenmu ya san irinsa: ƙyalli, ƙyalƙyali, ƙyasta ashana, ƙyalla ido. Amma ƙyaure da ƙyanda da ƙyashi ba su shiga ba, kamar yadda "glove" safar hannu da "glue" gam ba su da ruwa da haske. Rukuni ne mai jan hankali, ba doka ba ce.

Wasu daga cikin kalmomin "gl" dangin juna ne tun asali. Wasu kalmomin kuwa zama ne ya sa suka yi kama, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. "Sneeze" a Tsohon Turanci "fneosan" ce, da "fn" ta fara. Da wannan haɗin sauti ya mutu a harshen, sai ta koma "sn", ta shige cikin 'yan hanci kamar a can aka haife ta. "Island", tsibiri, tsohuwar kalmar Ingila ce da ba ta da "s" ko kaɗan. Marubuta ne suka cusa mata don sun zaci 'yar'uwar "isle" ce, wadda ta zo daga Latin ta hanyar Faransanci, shi ya sa har yau ake rubuta harafin ba a furta shi. "Female", mace, daga "femelle" ta Faransanci take, ba ta da alaƙa da "male", namiji, amma saboda kullum tare ake ambatonsu sai aka gyara mata wutsiya ta yi kama da shi. Wanda ya zo yau ya ce ga hujja, Turanci ya nuna mace daga namiji aka tsago sunanta, ya gina gini a kan kuskuren marubuta.

Kama ta uku ita ce arashi, kuma ta fi kowace yawa. Haruffan Turanci 26 ne. Kalmominsa kuwa sun kai yawan da babban ƙamus na Oxford, bugu na biyu na 1989, ya cika juzu'i 20. In za a gina kalmomi masu wannan yawa da tubali 26, dole ƙananan kalmomi su riƙa faɗowa cikin manya ba da niyyar kowa ba. "Carpet", darduma, tana ɗauke da "car" mota da "pet" dabbar gida. "Slaughter", yanka, in an cire harafin farko sai ta zama "laughter", dariya. "Funeral", jana'iza, da "fun" ta fara, wato nishaɗi. "Devil" da "evil" sun yi kama a ido da ma'ana, amma ta farko daga Girkanci ta zo, ta biyu tsohuwar kalmar Ingila ce. Har tsakanin harsuna abin na faruwa: "bad" a Farisanci mummuna take nufi, daidai da "bad" ta Turanci, kuma masana sun tabbatar kowace hanyarta daban.

To yaya ake rarrabewa? Kamar yadda alƙali ke yi ranar rabon gado. In wani ya shigo ya ce a ba shi kaso don hancinsa irin na mamacin ne, ba za a saurare shi ba, sai ya kawo salsala da shaidu. Masana harshe ma salsala suke nema: tsofaffin rubuce-rubuce da ke nuna yadda kalma take a kowane ƙarni, da sauye-sauyen sauti masu bin ƙa'ida. A 1786 William Jones, alƙalin Ingila a Kalkata, ya bayyana cewa Sanskirit na Indiya da Girkanci da Latin sun yi kamar da ba za ta zama arashi ba, dole daga tushe ɗaya suka fito. A 1822 Jacob Grimm na Jamus ya tsara ƙa'idar da ta nuna cewa inda Latin ke da "p", dangin Turanci na da "f": "pater" da "father" uba, "piscis" da "fish" kifi, "pedem" da "foot" ƙafa. Abin da ke tabbatar da dangantaka shi ne sauyin ya maimaitu a kalmomi da yawa ta hanya ɗaya. Shi ya sa sau da yawa dangi na gaskiya ba su ma yi kama ba. Wa zai kalli "lord", ubangida, da "lady", uwargida, ya ce suna da alaƙa da "loaf", curin burodi? Amma "lord" daga "hlafweard" take, mai tsaron burodi, "lady" kuma daga "hlaefdige", mai kwaɓa burodi. Ido ba zai taɓa ganin wannan ba, sai an bi sawu.

Mun amsa tambaya ta farko. Tarayyar haruffa wani lokaci shaida ce, sau da yawa ba shaida ba ce, kuma kallo kaɗai ba ya rarrabewa. Saura ta biyu.

Wani zai ce mun ɗauki gatari za mu kashe sauro. Wasa ne kawai da kalmomi, kuma wasa da kalmomi tsohon abu ne. Malaman Turanci kansu suna koya wa yara cewa da "ear" ake "hear", don su tuna rubutun, ko a ce akwai "pie" a cikin "piece". Mu ma muna cewa zumu zuma ne, ba wanda ya taɓa kai ƙarar mai karin maganar. Kuma nasihar saƙon ba ƙarya ce gaba ɗaya ba: ana yaudara, abota na yankewa, yin hattara na da kyau. In ƙaramar dabara ta sa mutum ya riƙe babban darasi, ina asarar?

Wannan magana tana da ƙarfi, kuma rabinta mun yarda da shi. Babu laifi a wasa muddin mai yi da mai ji duk sun san wasa ne. Malamin da ya ce a tuna "ear" a cikin "hear" rubutu yake koyarwa, bai ce ya tono wani sirri ba. Mai cewa zumu zuma ne daɗin sautin yake amfani da shi don ya ƙawata abin da rayuwa ta riga ta koya masa. Hujjarsa tana cikin zaman duniya, sautin ado ne. Saƙon da muke magana a kai ya juya abin. Ya ɗauki adon ya mai da shi hujja, ya ce ga dalilin da zai sa ka ƙi yarda, a cikin kalmar yake. A nan wasa ya ƙare, an shiga shaidar zur, ko da wanda ya tura bai sani ba.

Mu gwada da harshenmu don abin ya fi fitowa. Rayuwa, haihuwa, damuwa, mutuwa, duk da "uwa" suka ƙare. Mai son yabon iyaye mata zai ce ka gani, uwa ce rayuwa. Mai jin haushi zai ce ka gani, uwa ce damuwa. Duk su biyun sun yi kuskure iri ɗaya, domin rayu da damu da mutu ne aka ƙara wa "wa". Amma a cikin ɗan'uwa, uwa ce ta gaske. Darajar uwa ba ta ƙaru da rayuwa ba, ba ta ragu da damuwa ba. Wanda ya jingina darajarta a kan kalma ta farko ya ba abokin gardamarsa damar rushe ta da ta biyu.

Wannan ita ce asara ta farko. Nasihar gaskiya da aka tokare da ruɓaɓɓen itace, ranar da itacen ya karye tare suke faɗuwa. Yaron da aka koya wa son iyaye da hujjar haruffan "family", ranar da ya buɗe ƙamus ya ga "famulus", ba hujjar kaɗai zai yi wa dariya ba, har wanda ya koya masa, kuma wataƙila har darasin.

Asara ta biyu ta fi zurfi. Mu lura da yadda aka ƙera saƙon. Wanda ya tsara shi bai bi ƙamus daga farko zuwa ƙarshe ya ga abin da haruffa za su ce ba. Ya riga ya yanke hukunci cewa bare ba abin yarda ba ne, sannan ya je neman haruffan da za su goyi bayansa. Da ya ga dama da ya nuna mana cewa "mother" uwa da "brother" ɗan'uwa duk suna ɗauke da "other", wato wani daban, bare. Bai nuna ba don ba ta yi masa aiki. A yanke hukunci tukuna, a tsinto abin da ya dace da shi, a rufe ido ga sauran: da wannan hanya ake ƙulla tsegumi, da ita ake haɗa mutum da laifin da bai yi ba. Duk lokacin da muka karɓi irin wannan hujja don ta yi daidai da abin da ke ranmu, muna horar da kanmu ne a kan karɓar ta. Gobe ba kalma za a kawo mana ba, mutum za a kawo. Za a ce sunansa irin na waɗanda suka cuce mu ne, karin harshensa irin nasu ne, daga garinsu ya fito. Haruffa uku sun yi daidai, sai mu ce mun gane shi. Kakanninmu sun san wannan tarko, shi ya sa suka ce kama da wane ba wane ba ne.

Asara ta uku ta shafi wanda ya tura saƙon ranar da ransa ya ɓaci. Abin da ya faru tsakaninsa da abokinsa yana da dalili: wata magana da aka faɗa, wani bashi da ba a biya ba, wani alkawari da aka saɓa, wataƙila ma laifin na ɓangare biyu ne. Abu mai dalili ana iya zama a warware shi, ko a yafe, ko a rabu a kan sani. Saƙon yana ɗauke masa wannan aiki. Yana ce masa ba kai ba ne, ba ma shi ba ne, haka abota take, ƙarshenta a rubuce yake tun ranar da aka raɗa mata suna. Akwai sanyi a cikin wannan magana, amma sanyin da ke hana mutum ɗaga waya ya kira ne. Kuma abin bai tsaya kan aboki ɗaya ba, ya shafi duk wanda zai zo nan gaba.

Yanzu adalci ya wajaba mu juya wuƙar kanmu. Mun nuna cewa tushen "friend" so ne, tushen "believe" ma so ne, kuma mun ji daɗin hakan. Amma in muka ce saboda haka abota ba ta yankewa, mun faɗa ramin da muke gargaɗi a kai, sai dai namu ramin ya fi ado. Asalin kalma tarihi ne, ba hukunci ba ne a kan ma'anarta ta yau. "Nice", wadda yau ke nufin mai kyau ko mai kirki, daga Latin "nescius" ta zo, wato jahili, kuma da ta shigo Turanci wawa take nufi. "Silly", wadda yau ke nufin wawa, a da mai albarka take nufi. Ba wanda zai ji an ce masa "nice" ya ce an zage shi. Haka kuma "famulus" ba ta mayar da iyalin kowa bayi ba. Abin da binciken asali ya yi mana shi ne ya kori shaidun ƙarya daga kotu. Bai yanke shari'ar ba. Ko abokinka mai riƙon amana ne ko maci amana, ba "end" ce za ta faɗa maka ba, ba kuma "freond" ba. Sai ka dubi abin da ya yi ranar da kake kwance a asibiti, da abin da kai ka yi ranar da shi yake kwance. Nan muka dawo inda Sokratis ya tsaya: a nemi sanin abu daga shi kansa.

Ba muna cewa a daina wasa da haruffa ba ne. Harshen da ba a wasa da shi ya kusa mutuwa, kuma wanda ya fara lura da "tw" a cikin "two" da "twin" ya kama hanyar ilimi mai daɗi. Abin da muke roƙo kaɗan ne. In irin wannan saƙo ya sake shigowa, kafin yatsa ya kai ga turawa, mu tambaya: wannan kama ta jini ce, ta zama tare ce, ko arashi? Wayar da ta kawo saƙon tana iya buɗe ƙamus mai nuna asalin kalma, kuma dubawar ba ta kai minti biyu ba. In ta tabbata arashi ce, mu yi dariya mu wuce, ko mu tura ta a matsayin wasa, mu faɗa cewa wasa ne. In kuma mun ga hannunmu na rawar turawa don akwai wanda muke so ya gani ya ji zafi, to matsalar ba a cikin "friend" take ba. Tana tsakaninmu da wani mutum mai suna, wanda lambarsa ke cikin wannan wayar, kuma an ce zumunci a ƙafa yake.